Cikon Haƙorin Inna

Damagaram, 9 ga Afrilu 1985

Zuwa ga Yaya Kyari,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya a Abijan. Mu nan sai godiya. Damina ta sake juya mana baya, har Kawu Kolo ya baro Durum da 'ya'yansa biyar, suna gidanmu tun bayan Sallah. Jar dawar taimako muke ci, ba ma ko surfa ta don kada dusa ta rage mana awo. Ɗungum muke dafa ta, kowa ya yi ta fama da muƙamuƙinsa.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna cikon tangaran ɗin da ka kai ta Yamai Bature ya sa mata a haƙorin tauna, shekara goma sha tara ke nan? Ka san yadda ta ishe mu da shi. Ko baƙuwa ta zo neman wuta sai an buɗe mata baki ta ga aikin ɗanta. To, wata biyu da suka wuce ta ce cikon ya tsage, ba ta iya tauna. Sai ta kurɓi ruwan dahuwar, ta tura wa yara akushi. Ta rame har zobenta yana zamewa, ni kuwa ina ta zagin tangaran ɗinka a zuci, ka yafe mini.

Ran Litinin na matsa mata muka je asibiti. Lokotoro, wato likita, ya haska, ya ƙwanƙwasa, ya ce cikon ko gezau bai yi ba, yana nan kamar jiya aka sa shi, sauran haƙoran ma sai sun riga shi gajiya. Daga nan ya dubi wuyan hannunta, ya dube ni. Yaya, kunya ta kama ni, don ni nake zuba abincin nan kullum amma ban gane ba. A hanya ta ce ita ta ci rabonta na duniya, yara ne ke da gaba, kuma kada in kuskura in faɗa maka. Ga shi na faɗa.

Ka san a gidanmu yaro ba ya sa hannu a akushi sai babba ya fara. Da wannan na kama ta. Na tara yaran na ce daga yau loma ɗaya Inna, loma ɗaya su, in ta tsame hannu kowa ya tsame. Jiya ta ɗan taɓa ta janye kamar yadda ta saba, sai duk suka ɗora hannuwa a gwiwa, suna kallon dawar, yunwa na cin su, babu wanda ya motsa. Ta yi faɗa, ta kira ni mara kunya, ta yi kuka. Sannan ta ja akushin gabanta ta ci, a gefen haƙorin naka take tauna, ina jin ƙararsa daga bakin murhu.

Ka gaida Barira da yara. Kawu Kolo da 'ya'yansa suna gaishe ka. Inna ba ta san na rubuto ba, don haka babu gaisuwarta a ciki, amma ta ƙoshi.

Ƙanwarka,
Fanta