Na Kama Gidan Hutu a Ɓoye, Man Zaitun Ya Tona Mini Asiri

Gwaggo Stamatiya,

Ki taimake ni don girman Allah, tun kafin ranar shiga jirgin ruwa ta zo. Na tafka kwaɓa da bakina, kuma ta kusa fashewa a kaina. Matata ce ke karanta shafinki duk Lahadi. Ni leƙe nake yi ta bayan kafaɗarta ina cewa mutane ba su da aikin yi. To, ga shi yau ni ma na shigo layi. Ki ɓoye sunana.

Ni ɗan Kirit ne, daga wani ƙauye a kan dutse ta gabashin tsibirin, amma a Atina, babban birnin ƙasarmu, nake tuƙa bas. Matata Anthula 'yar Atina ce, nas ce a asibiti, a tsaye take wuni shekara da shekaru. Duk watan Agusta muna tafiya gida idin Maryamu, kamar kowa, kuma hutu muke kiran abin. A wurina hutun ne. Ina sauka zan wuce gindin bishiyar dandali, in zauna da abokan makarantata, a sha kofi, a yi musun ƙwallo, a zagi gwamnati. Ita kuwa Anthula, ko takalmi ba ta gama cirewa ba mahaifiyata Argiro za ta rungume ta, ta sumbace ta, ta ɗaura mata ƙyallen girki. Daga nan sai naɗe shinkafa a ganyen inabi, sai wanke dodon koɗi, sai dafa wa kawunai da 'ya'yansu da maƙwabtan da suka zo gaisuwa suka manta hanyar gida.

Kada ki ɗauka mahaifiyata muguwa ce. Tana son Anthula fiye da yadda take sona, a gaban kowa take faɗa. Takan ɗaga ganyen da Anthula ta naɗe ta nuna wa maƙwabta, ta ce, "Ku dubi hannu! Wai 'yar birni ce wannan!" Yabon nan ne ma ya ɗaure Anthula, don babu yadda za a yi ka ajiye aiki alhali ana cikin kirarinka.

Daga tagar da ake wanke-wanke a gidanmu ana hango teku, shuɗi shar, can ƙasa. Tafiyar rabin awa ce a mota. Tun muna ango da amarya Anthula ta sayi kayan ninkaya. Duk shekara sai ta sa su a akwati, duk shekara su dawo Atina da takardar farashi a jikinsu. Da bazarar nan ina neman safa na ci karo da su. Na ɗaga na tambaye ta, sai ta yi dariya ta ce, "Mayar min da kayana, da su za a binne ni, ƙila a can in samu in shiga ruwa." Dariya ta yi, Gwaggo, amma ni kunya ce ta kama ni har cikin ƙashi.

Sai na yanke shawara. A bakin tekun da ke ƙasan ƙauyenmu, inda kakanninmu ke kiwon awaki, yanzu duk gidajen hutu ne na haya, Jamusawa da 'yan Ingila ke cika su. Na zaɓi guda ta intanet: fari tas, da tafkin ninkaya, da bishiyar lemun tsami, da matakala har cikin ruwa. Mako guda, kafin idi, daga ni sai ita. Za ki ce me ya hana ni zaɓar wani tsibirin. So nake ta shiga wannan ruwan dai, wanda ta yi shekaru tana kallo hannunta cikin kumfa.

Na shirya komai tsaf. Na ce wa mahaifiyata bana ba za a sake ni daga aiki ba sai ana jibi idi. Na kama gidan da sunan mahaifin Anthula. Na yi hayar ƙaramar mota irin ta 'yan yawon buɗe ido. Har gajeren wando da safa na saya, na yi niyyar sa safar cikin sandal irin na Jamusawa, don duk wanda ya hango ni daga nesa ya kau da kai. Na haddace wa kaina doka: ba shiga gidan burodi, ba gaida kowa, ba kallon ɓangaren dutse. Ranar da na gaya wa Anthula, zama ta yi a kan kujera, sannan ta tambaye ni sau biyu ko da gaske babu wanda za ta dafa wa.

A tallar gidan an rubuta cewa ana ba baƙi kyautar kwalbar man zaitun. Wani zai karanta ya wuce. Ni abin ya hana ni sakat. Man ina? Na wane gangare? Ba zan kai matata hutu a ba ta man kanti ta ci da burodi ba, a tsibirina kuma. Sai na ɗauki waya na kira mai gidan, wani dattijo Haridimos, wai in yi tambaya ɗaya in kashe. Na fara da harshen mutanen Atina, a gyare. Ya ce man gonarsa ne, ya faɗi gangaren. Ni kuma na ce ai zaitun ɗin wannan gefen ba ya kai na gefen arewa, don rana tana dukansa da yawa. Sai ya ce, "Tsaya tukuna, yaro. Ɗan wane gida ne kai?"

Gwaggo, kin san mu. An taɓa yi wa ɗan Kirit wannan tambayar ya yi ƙarya? Bakina da kansa ya buɗe. Na faɗi sunan ubana, da na kakana, da laƙabin gidanmu, har da wurin da gonarmu ta yi iyaka da ta coci. Kafin in rufe baki mutumin nan ya kurma ihun da sai da na janye wayar daga kunne. Ashe mahaifinsa ne ya riƙe kawuna a wurin baftisma. Kin ga ke nan man baftisma ya haɗa mu, mun zama 'yan'uwa har jikoki.

A ranar ya maido mini da kuɗin da na fara biya. Ya ce, "Ɗan Argiro ya biya kuɗin kwana a gidana? Sai dai bayan raina!" Na roƙe shi ya rufa mini asiri, na bayyana masa komai. Ya rantse da gashin bakinsa ba mai ji. Bayan kwana biyu ya kira ya tabbatar mini ba wanda ya ji, sai matarsa, don ita ke canza zanen gado. Sai mahauci, don dole a keɓe ɗan rago. Sai faston ƙauyensu, don a wurinsa ake aron kujeru. Sai wani ƙanensa mai goge, wanda ya ce ba shi da surutu in ba ya sha ba. Ya ce mutum biyu a gida mai ɗaki huɗu zunubi ne. Yanzu kuma ya ɓullo da wata: wai zai hau dutse da a-kori-kurarsa ya ɗauko mahaifiyata, ya yi mini bazata.

Ita dai mahaifiyar tawa ba ta san komai ba, na gode wa Allah. Jiya mun yi waya, ta ba ni labarin akuyarta da ciwon gwiwarta, sannan da za mu yi sallama ta ce, "Ka saya wa Anthula malafa mai faɗi, ranar bakin teku ba irin ta kan dutse ba ce." Ina jin tsufa ne ya fara taɓa ta, don ta san ba ma zuwa bakin teku.

Anthula ma ba ta san an yi haka ba. Ta sayi littattafai uku. Ta fito da kayan ninkayar ta rataye a jikin ƙofa, da takardarsu, ta ce ba za ta yanke ta ba sai ƙafarta ta taɓa ruwa. In na fasa, na ci mutuncin Haridimos. In na je, ƙauye biyu za su sauko mana, kuma na san wadda za ta ƙare a gaban murhu. In mahaifiyata ta ji a bakin mahauci cewa ɗanta ya kwana mako guda a gindin dutsenta bai hau ba, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Har na yi tunanin in ce ƙafata ta karye. Ya zan yi?

Naki,
Ɗan Gida Mai Shigar Baƙi

*

Ɗana Mai Shigar Baƙi,

Na ɓoye sunanka kamar yadda ka roƙa. Sai dai ka rubuto mini sunan matarka, da na mahaifiyarka, da na mai gidan, da sana'arka. Saura lambar bas ɗinka kawai. Ka haƙura da ɓoye-ɓoye, ba baiwarka ba ce. Safar nan ma ka mayar kanti.

Mahaifiyarka ta sani. Ba tsufa ba ne, kai ne ba ka ji abin da aka faɗa maka ba. Matar da ta ce a saya wa surukarta malafar bakin teku ta ji labarin tun kafin mahauci ya ɗaure ragon. Ka kuma lura da abin da ta yi da shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi maka gori ba, ta buɗe maka ƙofa ta koma gefe tana jira ka shigo da ƙafarka. Hutun ba zai ɓata mata rai ba. Ƙaryar ce za ta yi mata ciwo, da kuma maƙwabta su riƙa tambayarta tana cewa ba ta da labari. Ka kira ta yau. Ka ce ka yi ƙarya, ka ce Anthula ta gaji kuma kai ne ka ga haka. Kada ka kuskura ka ce Anthula ce ta nema. Ranar da kuka sauka, ku hau dutse ku gaishe ta da rana tsaka, kowa ya gan ku, ku sha kofi, ku karɓi kwandon da za ta cika muku, ku sauko. Ka tsaya tsakanin matarka da ƙyallen girkin nan ko da da ƙirjinka ne.

Haridimos kuwa ba a kayar da irinsa da "a'a". Aiki ake ba shi. Ka ce masa ka yi wa matarka alkawari, mutuncinka yana hannunsa, kuma ba ka ga namijin da zai iya tsare maka ƙofar gidan nan ba sai shi. Za ka ga ya kafa kujera a bakin hanya yana korar har faston. Ragonsa da gogensa kada ka hana shi, ka ɗaga su zuwa bayan idi, a can ƙauye, inda akwai hannaye da yawa. Kuɗin haya kuma kada ka sake tayar da maganarsu. Ka tafi wa jikokinsa da tsaraba mai nauyi, ka kuma yabi mansa a gaban mutane, ko da na gefen arewa ya fi.

Anthula za ka gaya wa kafin kowa. Ka ce duk Lahadi take karanta shafin nan, to lissafa da kanka lokacin da ya rage maka. Za ta yi fushi na ɗan lokaci, za ta yi maka dariya na tsawon shekaru, kuma ka cancanci duka biyun.

Akwai abin da ka faɗa ka wuce da sauri. Ka ce mahaifiyarka ce ke ɗaura mata ƙyalle. Gaskiya ne. Amma wa ke gindin bishiya yana musun ƙwallo? Niyyarka mai kyau ce, na kuma ji daɗin namijin da takardar farashi ta ba kunya. Sai dai mako guda a gidan haya ba zai biya duk Agustan da suka wuce ba, in ranar idi ka koma kujerarka. Bana ka naɗe hannun riga ka zauna ka naɗe ganyen inabi. Abokanka za su yi maka tsiya, naɗinka kuma zai warware a tukunya. Ba a mutuwa da ko ɗaya.

Saura abu guda. Tagar nan da ake hango teku, kafin Anthula wa ke tsayuwa a gabanta? Ka taɓa tambayar mahaifiyarka yaushe rabonta da taka ruwan nan? Ban san ta ba, amma na san irinta, a gidanmu ma akwai. Makon na Anthula ne, ita ke da iko da shi, kuma in ta ce a'a magana ta ƙare. In ta yarda, ranar ƙarshe ka hau da kanka ka ɗauko tsohuwar. Ka caje jakarta a bakin ƙofa, duk tukunyar da ka samu ka mayar mota. Ka zaunar da su biyun a inuwar lemun tsami, ƙafafunsu a ruwa, kai ka riƙe tire.

Ka sa almakashi a aljihu saboda takardar nan. Allah ya kai ku lafiya, ya sa ruwan ya yi ɗumi, ya kuma tsare bakinka daga tambayar man mutane. Malafar kuwa, ka sayi biyu.

Gwaggo Stamatiya