Farin Tabon Da Ya Rufe Mini Shago

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin garin sabulu mai hoton balbela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah Ya sa haka, amin.

Sunana Isyaku, a Gumel an fi sanina da Baba Isyaku mai wanki. Asalina mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar. Na shigo Gumel ina saurayi, na koyi wanki da guga, da wannan sana'a na yi aure, da ita na aurar da 'ya'ya. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma sabulunka ya daɗe a shagona. Tun fitowarsa na kama shi, har ina yaba shi a gaban abokan sana'a, don a lokacin yana kumfa, yana fita a ɗauraya, ba ya cin hannu. Na rubuto a fili ne saboda na ba dillalinku da ke kawo kaya kasuwar Maigatari saƙo, ya ce zai isar, har yau shiru.

Na farko, abin da ya same ni. Bayan ƙaramar sallar bara na fara ganin fari-fari a jikin kaya masu duhu. Suna jiƙe ba ka ganin komai. Sai sun bushe, ka ɗora dutsen guga, tabon ya fito dabbare-dabbare kamar an watsa gari, kuma zafin dutsen ya manne shi. Na zargi sitaci, na rage. Na zargi dutsen, na kankare fuskarsa. Na zargi ruwa, na canja mai kawo mini. Sabulu kaɗai ne ban zarga ba, don na yarda da shi.

Akwai wani Alhaji Habu, mai sayar da hatsi a Gagarawa, wanda ni nake masa wanki tun kafin ya yi furfura. Ya kawo babbar rigarsa ta shuɗiyar shadda, zai sa ranar saukar karatun ɗansa. Na wanke ta da hannuna, na goge, na ninke a cikin shago inda haske bai da yawa. Da ya zo karɓa ya warware ta a bakin ƙofa, cikin rana, sai ga farin zane tun daga kafaɗa har aljihu. Da ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ninke rigar ya yi a hankali, ya ce, "Ba komai, Baba. Girma ne ya zo, ido ya gaji. A huta haka, Allah Ya ba da lada."

Maganar ta zaga unguwa, ba da mugunta ba: idon Baba Isyaku ya tafi, ba ya ganin kumfa a ɗauraya. Kaya suka riƙa raguwa. Babban ɗana Sabi'u ya kai ni asibiti, likita ya ce akwai 'yar yana, amma ba ta kai ta hana aiki ba. Duk da haka Sabi'u ya roƙe ni in ajiye, ya ce kunya yake ji. Alhaji, ni kaina sai da na yarda. In mutum ya tsufa, abin da aka faɗa a kan jikinsa ba ya iya musawa. Na rufe shagon. Daminar nan duka na yi ta a ƙofar gida, ina kallon kayan da nake wankewa a da suna wucewa a bayan babur zuwa wani wuri. Wani lokacin in ɗaga hannuna in ƙura masa ido, ina gwada ko ina ganin zanen tafina.

Na biyu, yadda gaskiya ta fito. Bayan girbi wani abokin sana'ata, Mamman, mutumin Damagaram da ke wanki a Maigatari, ya zo duba ni don ya ji ba ni da lafiya. Da na ba shi labari sai ya riƙe baki. Ya ce, "Baba, ni fa idona garau, kuma abin nan ya hana ni barci. Wane sabulu kake sawa?"

A tsakar gidana muka gwada. Muka zuba garin sabulunka a kwalbar ruwa, muka girgiza, muka ajiye. Kafin la'asar wani farin abu ya kwanta a gindin kwalbar kamar gasarar koko. Muka tsiyaye ruwan, na murza shi da yatsa, ba ya narkewa, ba ya kumfa. Sannan muka raba tsohon baƙin zanen matata biyu, rabi da naka, rabi da sabulun sanda, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Rabin naka ne ya yi fari. Matata ta daɗe tana duban ƙyallayen, sannan ta shige ɗaki.

Ban san mene ne wannan abu ba, kuma ba zan ɗora maka abin da ban gani ba. Wataƙila kayan haɗi sun yi tsada, aka ƙara wani abu don leda ta cika. Wataƙila a hanya ake gauraya shi, ba da saninka ba. Tsadar nan kowa ta taɓa, ni ma gawayi ya ishe ni misali. Amma ledar ba ta canja ba, balbelar ma tana nan fara fat, shi ya sa aka nemi laifin a wajen mai wanki.

Na uku, ga waɗanda kayansu suka riga suka ɓaci, ga abin da muka gwada ya yi. Kada a goge tufar da ta nuna fari. A mayar da ita ruwa mai ɗumi, a matsa lemun tsami kaɗan, a bar ta ta jiƙu, a ɗauraye da ruwa mai yawa har ya fito garau. A narkar da sabulu kafin a sa kaya, a bar abin da ya kwanta a gindin bokiti. Mai duhu a goge ta ta ciki. Tabon da dutse ya riga ya ƙona, wani yana fita, wani ba ya fita.

Na sake buɗe shago, da sabulun sanda nake aiki yanzu, ko da yake ya fi cin ƙarfi. Wasu sun dawo. Alhaji Habu bai dawo ba. Yakan tsaya ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi ido. Na taɓa ba shi labarin kwalbar, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho don kada a kunyata shi. Daga bakina maganar ba ta da nauyi, daga naka take da shi.

Saboda haka roƙona uku ne, kuma babu diyya a ciki. Ka binciki abin da ake zubawa a ledar nan, tun daga kamfani har kasuwa. Ka janye wanda ya ɓaci, don akwai matan aure a ƙauyukanmu da ake ce wa ba su iya wanki ba, kuma su ba za su rubuto maka ba. Sannan ka faɗa da bakinka, ko a rediyo ko ta dillalanka, cewa an samu matsala a sabulun. Faɗin haka ba zai rage ka ba. Ni da Mamman mu za mu fara dawowa ga sabulunka.

In kuma kana shakka, duk ran da hanya ta biyo da kai Gumel, ka tambayi shagona, ka zo da rigarka mafi duhu, wadda ka fi so. Zan ajiye sabulu biyu a gabanka, naka da na sanda. Wanda ka nuna, da shi zan wanke.

Allah Ya yi wa kasuwancinka albarka, Ya tsare ka daga cin haƙƙin wanda ba ka sani ba, Ya ba ka tsufa mai mutunci.

Wassalam.

Naka,
Baba Isyaku mai wanki, Gumel.