Damina Biyu a Rana Ɗaya

Daren Laraba, 10 ga Shawwal, Katagum

Kogi ya ƙara cin gaɓa. Na auna da la'asar, taku bakwai ya rage tsakaninsa da rumbun geron Baba, alhali ranar sallah tara ne. Na faɗa masa, ya ce rumbun ya girme ni.

Bayan magariba Yaya Sale, da ya dawo daga soja, ya ba shi labarin teku a Ikko. Wai ruwanta kan taso ya koma sau biyu kullum, ya kwashi yashi ya jibge a wani wuri, amma inda dutse yake sai ya bar shi tsaye kamar hanci.

Baba ya ce, "Damina biyu a rana ɗaya? Kai Sale, ji tsoron Allah! To yaushe suke shuka?"

Muka yi dariya har Inna ta ƙware. Na ce, "Baba, namu kogin ma haka yake yi, a hankali dai. Gefenmu yashi ne, shi yake kwasa ya kai tsallake. Wajen tsamiya kuwa marmara ce, tun ina yaro ba ta motsa ba."

Ya daɗe yana shafa gemu. Da zai shiga ɗaki ya waiwayo ya ce, "Gobe ku tashi da wuri. Dama na daɗe ina son mayar da rumbun nan gindin tsamiya, ku ne ragwaye."

Allah ya ja kwanan tsohon nan. Mun amsa, mu ne ragwayen.