Hannun da Ban Ɗora wa Auta Ba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Antinmu da yara duka. Yaya gwiwar taka? Na ji an ce har yanzu kana hawan keken nan naka kamar saurayi, likita na magana kana toshe kunne. Allah ya shirya min kai. Mu nan da sauƙi. Maigidana yana nan yana fama da katakonsa a shago, babban ɗanmu ya koma wurin aikinsa, matarsa kuma ciki ya tsufa, muna ta sa ido. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, Yaya, hankalina a tashe yake, kuma saboda 'yarka Auta ce na ɗauki biro.

Ka dai ji labarin cutar nan da ta ɓulla mana, wadda ke farawa da zazzaɓi, kuma ake ɗauka ta hanyar taɓa mai ita. Asibitin da Auta ke aikin jinya sun keɓe wani tsohon gini a can baya domin masu ita, suka ce ba za su tilasta wa kowa ba, amma suna neman ma'aikatan da za su shiga su zauna a ciki har abin ya lafa. Auta ta ba da sunanta, sai da ta gama sannan ta zo tana gaya min a kicin, kamar mai ba da labarin kasuwa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce akwai waɗanda suka girme ta a aikin, ita ko aure ba ta yi ba. Ta bari na gama tsaf, sannan ta tuna min da makarantar Lahadi, yadda nake ba yara labarin kuturun da Yesu ya miƙa hannu ya taɓa, ina bin su ɗaya ɗaya ina shafa musu kumatu suna dariya. Ta tambaye ni ko tatsuniya nake yi musu a lokacin. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane bin Almasihu, ban taɓa kawowa a raina cewa tawa ce za ta ɗauki maganar da gaske haka ba.

Yanzu ga abin da ke cina. Ka san al'adar gidanmu tun daga Inna, Allah ya ba ta hutu: yaro ba ya tsallake ƙofa sai uwa ta ɗora masa hannu a ka ta yi masa addu'a. Kai kanka ka tuna yadda take damƙo ka da wuyan riga in ka nemi zillewa. Haka na riƙe nawa, kuma Auta tun tana sa kayan makaranta har ta fara sa fararen kaya ba ta taɓa fita ba tare da hannuna ba. To, ranar da za ta tafi sai na yi wata dabara ta wauta. Na ce a raina in na hana ta hannun, ba za ta iya fita ba. Na shige kicin na juya baya ina kankare tukunyar da ba ta da datti. Ina jinta ta ajiye jaka a bakin ƙofa. Na saci kallo, na gan ta tsaye ta zame ɗankwali ta sunkuyar da kai tana jira. Ta kira ni, na yi kamar ban ji ba. Ta daɗe a haka, ni kuma ina ta kankara, ina jiran in ji ta mayar da jakar ɗaki. Abin da na ji shi ne ƙarar ƙofa a hankali. Kafin in wanke hannu in fito, motar asibiti ta sha kwana. Taurin kan nan da muka gada, ni na yi nawa, ita ma ta yi nata.

Sai daga baya na gane cewa wanda ya shiga ginin nan ba a taɓa shi kuma sai ya fito. Sun ɗaura igiya nesa da ƙofar, da wani benci a tsakani. Kullum da rana nakan kai mata abinci a kula, in ajiye a kan bencin, in ja da baya, ita kuma ta fito cikin rigar leda da takunkumi da safar hannu ta ɗauka. Da idonta kawai nake gane ta, sai kuma tafiyar nan tata ta agwagwa da kuke tsokanarta da ita. Kular ma sai sun jiƙa ta a ruwan magani kafin ta dawo min, duk gidan ya ɗauki warin. A coci kuwa, in na zauna sai in ga benci ya yi min faɗi, matan zumunta suna gaishe ni daga nesa hannuwansu a cikin zane. Ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan yi. Fasto ya zo gida ya ƙarfafa mu, ya ce Auta ta yi mana wa'azin da shi bai iya ba. Na ce amin da baki, amma a zuciya cewa na yi ai ba 'yarsa ba ce. Maigidana kuma shi aka ba aikin akwatunan waɗanda suka rasu a ginin. Rannan ya dawo bai taɓa abinci ba, da ƙyar ya gaya min awon da aka aiko masa daidai tsayin Auta ne, wai wata yarinya ce sa'arta.

Shekaranjiya na ajiye kula na ja baya, sai wata ce daban ta fito ɗauka. Ta ce in kwantar da hankali, Auta ta tashi da zazzaɓi, an ɗebi jininta an aika, mai yiwuwa gajiya ce ko sauro, mai yiwuwa kuma abin ne. Na roƙe ta da girman Allah ta bar ni in gan ta. Suka kawo ta bakin taga, babu takunkumi, fuskarta ta faɗa. Na buɗe baki in ce ta yafe min, sai na ga ta zame hular kanta, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta yi a bakin ƙofa, ta ɗauki hannunta ta ɗora a kanta da kanta, ta tsaya tana jira. Yaya, na ɗaga nawa hannun ta saman igiyar nan. Ni da ake kira in buɗe taro da addu'a, ban iya haɗa magana ba, sunan Yesu kawai nake ta maimaitawa. Da aka mayar da ita, abokiyar aikin nata ta dawo ta ce Auta ta ce a gaya min hannun ya iso, wai ma ya fi na kullum nauyi.

Da farko na so in sa ka kira ta ka ba ta umarni ta dawo gida, tunda kai kaɗai take jin tsoro. Yanzu ba wannan nake roƙo ba, ko ta warke na san komawa ciki za ta yi, kuma ba ni da bakin hana ta. Sakamakon jinin bai fito ba har yanzu. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na leƙa waje. Na gaskata Allah yana riƙe da ita, amma ina jin tsoro, Yaya, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na daina yi masa ƙarya a addu'a cewa ba na ji.

Ka gaida Antinmu da kyau, ka gaida Gwaggo in ka leƙa ta, amma kada a gaya mata tukuna saboda hawan jininta. Ka gaida babban yaronka da 'yan biyu da takwarata. Maigidana yana gaishe ka. Na san kai ke yi wa naka addu'ar bakin ƙofa. Gobe da safe in ka ɗora musu hannu, don Allah kada ka yi saurin ɗagewa, ka ɗan daɗe, ka haɗa da Auta.

Taka ƙanwa a cikin Ubangiji,
Maman Auta