Tayar Motar Baban Mercy

Darmanawa, Kano
21 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Yaya Hannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Jonathan da yara da duk mutanen Kagoro. Yaya ciwon gwiwar? Yaya 'yata Mercy da hidimar biki? Na gode da kika riƙe ta a wajenki, kike yi mata abin da ni ya kamata in yi.

Baban Mercy yana nan da sauƙi daga shanyewar ɓarin jikin, mun gode wa Allah. Yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa gindin darbejiya, sai dai ƙafar dama jan ta yake yi, hannun dama kuma bai dawo ba. Magana ce har yanzu da saura. Kalma ɗaya ko biyu ke fita, sauran sai in karanta a fuskarsa. Likita ya yarda mu yi tafiyar, muddin a motarmu ce, inda zan tsaya masa duk lokacin da ya bukata. Kada ki yi dariya, Yaya, na iya tuƙi yanzu. Ni nake kai shi gashin ƙashi asibitin koyarwa a tsohuwar fijonsa.

Sai ga wata damuwa. Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar tayar gaba ta kwanta, alhali ranar ko fita da motar ban yi ba. Na kira Malam Isyaku mai faci na Gyadi-Gyadi, wanda ya daɗe yana yi wa Baban Mercy aiki. Ya ce hujin a gefen tayar yake. Zai iya yin faci, za ta kai ni makaranta da asibiti, amma bai ɗaukar mini alkawarin za ta jure zafin kwalta da ramukan hanyar Saminaka ba. Tayar ajiya da ke but ɗin motar kuwa ta suɗe ƙwarai. Idan na sayi sabuwa, sai na taɓa abin da na ware na maganinsa, ga shi ƙarin albashin da aka yi ta faɗa tun da sojoji suka sauka har yau a rediyo kawai muke jin sa.

Yaya, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa yanke irin wannan shawara ni kaɗai ba. Na zauna gabansa na ce, faci ko sabuwa? Sai ya juya fuska bango. Ki tambayar mini Baban Jonathan abin da ya gani.

Wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba. Malam Isyaku ya ce ba ƙusa ba ce, da hannu aka soka. Kin san irin maganganun rikicin addini da ke yawo a gari kwanan nan. Na kama kaina ina kallon maƙwabtan da muka shekara da shekaru tare, har da Balaraba nas, wadda ke zuwa auna masa jini ba ta karɓar ko sisi. Kunya ta kama ni, amma tsoron bai tafi ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Rahila


Darmanawa, Kano
3 ga Disamba, 1999

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso ta hannun direban Kafanchan. Na ji daɗi da gwiwar ta lafa. Ki gode wa Baban Jonathan, na bi shawararsa na sayi sabuwa. Malam Isyaku ne ya raka ni har shagon, ya duba ta ciki da waje kafin ya ɗaura. Ranar na yi barci kamar an sauke mini dutse daga ka.

Maganar maƙwabta kuma, kin yi gaskiya da kika yi mini faɗa. Na daure na gaya wa Balaraba. Ranta ya ɓaci sosai, ta ce a layin nan a yi wa Maman Mercy haka? Mijinta Malam Shehu ya gyara mana sakatar ƙofar gida da kansa, ya kuma ce idan na ga hanyar ta yi mini nisa zai nemi hutu ya tuƙa mu. Na rasa bakin godiya.

Na kai kwat ɗin Baban Mercy wajen tela an rage, domin ya rame ƙwarai. Da na gwada masa, na kawo madubi don ya gani. Ya daɗe yana kallo. Yawu ya zubo ta gefen bakin da ya karkace, na kai hannu zan share, ya ture ni. Ban ɗauke shi da wani abu ba, na ce gajiya ce.

Ki ce wa Mercy na karanta wa babanta saƙonta, inda ta ce ko a hankali ne, ko da sanda ne, shi zai riƙe hannunta su shiga coci, jama'a su jira. Ki gaishe da angonmu Stephen da iyayensa. Da yardar Allah muna tafe ranar Alhamis ta makon bikin.

Taki,
Rahila


Darmanawa, Kano
12 ga Disamba, 1999

Yaya Hannatu,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Wannan wasiƙa ki karanta ta ke kaɗai.

Ranar Juma'a an tashe mu daga makaranta da wuri, na dawo gida kafin azahar. Da na buɗe ƙofa na ji iska tana fita, tsiii. Baban Mercy yana zaune a ƙasa jikin motar, sandarsa can gefe, basillar da nake ɗinke buhun masara tana hannunsa na hagu. Sabuwar tayar ce, Yaya. Rigarsa ta jiƙe da gumi, tafin hannunsa ya yage. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake fama da ita, kuma da ya gama ya kasa tashi.

Ban yi ihu ba. Na zauna kusa da shi a ƙasa har iskar ta gama fita. Na ce, Markus, don me? Tun da aka haifi Mercy ban kira sunansa ba sai ranar. Ya yi ta kokawa da bakinsa, can ya ce, "Gida." Ya nuna fuskarsa, ya nuna ƙafarsa, ya ce, "A'a." Sai ya fashe da kuka irin wanda ban ji ya yi ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa.

Kin san shi. Mutumin da in ya sauka Kagoro da Kirsimeti sai an cika gidan, shi ke raba gardama, shi ke jawabi a kowane biki. Ni ina ta lissafin hanya da magani da inda za mu tsaya, ban taɓa tambayarsa ko yana so a gan shi ba. Ba shi da bakin da zai hana ni, shi ne ya yi da hannun da ya rage masa.

Na roƙe shi. Na kawo fasto ya yi masa magana har yamma. Balaraba ta ce in muka tilasta shi jininsa zai iya hawa a hanya, kuma shanyewar jiki ta biyu ba ta zuwa da sauƙi. Na ce to, ni in je in dawo, Balaraba da Malam Shehu su kula da shi kwana biyu. Sai ya damƙe bakin zanena. Har ya yi barci bai saki ba.

Jiya Malam Isyaku ya zo ya duba. Bai tambaye ni wanda ya yi ba, ina jin ya gane. Ya ce, "Maman Mercy, a yi faci ko a nemo wata?" Na auna abin a raina. In an yi faci, ba za ta kai mu ba. In na sayi wata, sai in ɓoye duk wani abu mai tsini a gidan, in kulle mijina a ɗaki kamar ɓarawo. Na ce ya bari sai na aiko. Ya ɗora motar a kan bulo ya tafi.

Ga roƙona. Baban Jonathan ya riƙe hannun Mercy ya shigar da ita. Ke ki zauna a kujerata, ki ɗaura ankon da zan ba direba tare da wasiƙar nan. Kada ki faɗa mata gaskiya kafin biki. Na san halinta, za ta ajiye komai ta hau mota ta taho, kuma in ta ji babanta ya gwammace ya huda taya da ya zo, ban san ranar da abin zai bar zuciyarta ba. Idan ta tambaya, ki ce mata taya ce ta hana mu zuwa. Ba ƙarya za ki yi ba.

Ki sa mu cikin addu'a. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka.

Ni ce ƙanwarki,
Rahila