Ashe Dillalina Na Mai Gidan Ne

Hajiya Hamsatu, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a Riyad, kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ba ya sakina gida sai bayan shekara biyu. Bara na sayar da gidan da na gada a Legas don in saya wa mahaifiyata, Gogo, wani a Kaduna kusa da danginta. Dillalin Legas baƙo ne gare ni, amma ya nuna min rajistarsa, ya sa hannu cewa ni yake wakilta. A Kaduna kuwa na miƙa wuya ga Musbahu, wanda muka tashi tare. Ko takarda ban nema ba, kunya ta hana ni. Ya turo hotuna, ya rantse gidan ba aibi. Ruwan farko na damina ya shiga har ɗakin Gogo, tsohuwa mai ciwon gwiwa, yanzu a maƙwabta take fakewa. Daga baya na ji mai gidan surukinsa ne, kuma ya ci la'ada ta kowane ɓangare. Da na kira shi daga unguwar Batha a nan Riyad, wai a Kaduna dillali na kowa ne, kada in kawo masa dokar Legas. Baƙo ya riƙe amana, aboki ya ci. In kai shi kotu?

Wanda Aka Cuta, Shumaisi, Riyad

Ɗan'uwa, Allah ya huci zuciyarka. Fara da Gogo: a kama mata haya a tudu tun kafin wani ruwan.

Musbahu yana da 'yar gaskiya. Dokar dillanci takan bambanta daga jiha zuwa jiha, abin da ya kare ka a Legas ba lallai ya bi ka Kaduna ba, kuma cin la'ada biyu al'ada ce a wurare da yawa. Kai ma ka yi sake da ka bar kunya ta maye gurbin takarda. Amma ɓoye aibi da ɓoye surukuta ha'inci ne, ko a ina.

Adana saƙonninsa da hotunan. Ka wakilta wani a rubuce, ya ga lauyan da ke aiki a Kaduna, shi zai gaya maka abin da dokar can ta ba ka. A fara kai maganar gaban shugaban dillalai, in ta ƙi, sai kotu. Abotar kuwa, ba kai ka fasa ta ba, kada ka ɗauki nauyin ɗinke ta kai kaɗai.

Allah ya ba Gogo lafiya, ya mayar da kai gida ka same ta a busasshen ɗaki.