Dalbejiyar da Ubanka Ya Dasa

Sani, ina gaishe ka. Ya aiki, ya jikin Rabi da yara? Mu lafiya lau.

Soja sun tafi, amma kananzir bai dawo ba. Kowa ya koma icce, itatuwan Ƙofar Kwaya sun kusa ƙarewa. Mu matan unguwa mun je wurin kansilan da muka zaɓa, ya ce mu yi haƙuri. Sai muka yi alkawari ba wadda za ta sare itacen gidanta.

Jiya masu faskare suka zo taya dalbejiyar da marigayi ubanka ya dasa, na kore su. Amma rishona a bushe yake.

Ka gaida surukanka. Ku yi mani addu'a kada in zama ta farkon karya alkawari.

Innarka, Indo